Sama Ba Ta da Gefen Titi

Ɗan acaɓa tsakanin Ƙauran Namoda da Zurmi, in mai ya ƙare masa, sai ya kwantar da babur, ya girgiza tanki, ya lallaɓa har wajen ɗan bumburutu. Matuƙin ƙaramin jirgi fa, wa zai miƙa masa galan? A watan Agustan 2020 wani jirgi mai saukar ungulu da ya taso daga Fatakwal ya rikito a unguwar Opebi ta Legas, saura ƙiris ya sauka. Mutum uku suka rasu, masu bincike kuma suka tarar tankin wayam. Ajali gaskiya ne, amma ni wannan ganganci nake kiransa. Malaman kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya, ɗalibin da ya tashi bai leƙa tanki da idonsa ba, ku kayar da shi.