Moshi Zango: Inshora Ta Karɓi Ciwon Damuwa, To Wa Zai Tambayi Mai Jego?

Ranar 1 ga Nuwamban 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasar Ghana ta shigar da cututtukan ƙwaƙwalwa guda huɗu cikin jerin waɗanda katin inshora ke ɗaukar nauyinsu, kuma biyu daga cikinsu su ne ciwon damuwa mai tsanani da ciwon fargaba. Labarin bai yi wani amo a kasuwanninmu ba, domin a lokacin hankalin kowa yana kan zaɓen 7 ga Disamba da kuma farashin sidi. Amma muna ganin wannan mataki ya shafi gidajen 'yan kasuwa fiye da yadda ake zato, musamman a unguwanni irin Moshi Zango da ke Kumasi, inda mai gida kan yi makonni a kan hanya, uwar gida kuwa tana riƙe da ɗaki da 'ya'ya da tukunyar sana'a ita kaɗai.

Ga wanda bai san wurin ba, Moshi Zango na arewacin Kumasi, maƙwabtaka da Tafo da Krofrom. Sunan ya samo asali ne daga Mosawa da suka gangaro daga ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso, amma yanzu akwai Hausawa da Dagombawa da Kusasawa da Zabarmawa da Fulani da sauransu, kuma Hausa ce ke haɗa su ciniki da gaisuwa. Mafi yawan gidajen na haya ne, iyali guda a ɗaki guda, tsakar gida ɗaya, banɗaki na kowa da kowa. Matan unguwar su ne masu koko da ƙosai da asuba, masu shinkafa da wake da hantsi, masu tuwon zafi da rana, wasu kuma suna da teburi a Kejetia ko babbar kasuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a faɗin duniya kimanin kashi 10 cikin 100 na masu ciki da kashi 13 na masu jego suna fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. A ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kai kashi 15.6 lokacin goyon ciki da kashi 19.8 bayan haihuwa, wato kusan mace ɗaya cikin biyar. A Kumasi ɗin kanta, wani bincike da aka wallafa a 2013 kan iyaye mata da aka kwantar da jariransu a asibitin koyarwa na Komfo Anokye ya sami alamun ciwon a jikin fiye da rabinsu, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Idan mai karatu ya ƙirga sunayen da ya halarta a bara, zai iya yi wa kansa lissafi.

Ya kamata mu bambance abubuwa uku, domin cuɗa su wuri ɗaya shi ke jawo kuskure. Akwai ɗan kuka da saurin fushi da ke kama mata da yawa a kwanakin farko na jego, wanda kan wuce da kansa kafin mako biyu. Akwai kuma wanda ba ya wucewa. Mace ta daina jin daɗin komai, barci ya ƙaurace mata ko da jariri ya yi barci, abinci ya fita ranta, zuciya na bugawa ba dalili, tana ganin ta gaza a matsayin uwa, ko kuma ta riƙa tashi cikin dare sau goma tana duba ko yaron na numfashi. Wannan shi ne ciwon da ake magana, kuma yana iya ɗaukar watanni. Na ukun bai da yawa, mace ɗaya ko biyu cikin dubu, amma shi ne mai hatsari. Cikin makonni biyu na farko mai jego ta ruɗe, ta riƙa jin muryoyi ko ganin abin da babu, ta ƙi jaririnta ko ta yi maganar hallaka kanta. Wannan ba ya jiran gobe, asibiti ake nufa a ranar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda ciwon ke ɓuya. Mace a zango ba za ta je awo ta ce "ina cikin damuwa" ba. Za ta ce kanta na ciwo, jikinta ya mutu, ƙirjinta na zafi, wani abu na yawo a jikinta. Sai a gwada jini, a ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro ko na ƙarin jini, ta koma gida da abin da ta zo da shi. A gida kuma amsar da ke jiranta ita ce haƙuri. Uwar miji ta ce, "Mu da muka haifi goma ba mu yi wannan raki ba." Maƙwabciya ta ce iska ce, wata ta ce hannun kishiya ne. Ita kuma ta ja bakinta ta tsuke, don ta san idan kalmar hauka ta manne wa gida, har 'yan matan gidan sai sun ji a jikinsu ranar da aka zo neman aure.

Kakanninmu ba su san sunan ciwon da Turanci ba, amma sun yi masa shinge. Al'adar tafiya gida wanka, musamman a haihuwar fari, tana ba mace kwana arba'in ba girki, ba ɗibar ruwa, ba hidimar miji, ga tsohuwa a kusa da za ta karɓi jariri ta bar ta ta runtsa. Ba duk abin da ke cikin jegon gargajiya ne muke yabo ba, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta da ciwon zuciya na masu jego. Amma hutun da rakiyar, su kam magani ne. To a zango wannan shinge ya karye ga mata da yawa. Uwar amarya tana Bawku ko Yendi ko Wagadugu ko Sakkwato, kuɗin mota ya yi tsada, kuma tukunyar koko ba ta san jego ba: idan ta yi kwana arba'in ba ta fito ba, masu sayenta sun koma wajen wata. Saboda haka ana gama suna sai ta goya jariri ta koma bakin murhu tun kafin kiran assalatu.

Shi kansa sunan ya zama wani nauyi. Rago, anko, abincin baƙi, da bikin da aka kawo wanda dole a mayar da shi da ƙari ran da aka yi haihuwa a gidan mai kawowa. Mata nawa ne ke fita daga mako na farko da bashin adashi a wuya?

Sai kuma abin da ya sami aljihu a 'yan shekarun nan, wanda masu karatunmu sun fi kowa saninsa. A watan Mayun 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan bankuna 347, inda mata 'yan kasuwa da yawa ke ajiya. A watan Agustan shekarar Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamban 2020. Ghana ta rufe nata a Maris 2020 saboda annobar korona, ba ta buɗe ba sai Maris 2022. A Disamban 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54.1 cikin 100. A Maris 2023 gobara ta ci wani ɓangare na sabuwar kasuwar Kejetia, a Maris 2025 wata ta ci shaguna a Adum. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya sun tsayar da motocin albasa a kan iyaka, kaya na ruɓewa. Ga rikicin Bawku da hare-haren 'yan bindiga a Burkina, waɗanda suka sa matar direba ko ta ɗan kasuwar shanu ba ta da kwanciyar hankali sai ta ji muryarsa a waya. Hauhawar farashin ta sauko sosai a 2025, amma jarin da ya narke bai dawo da saukarta ba.

A takarda, Ghana ta yi wa maƙwabtanta nisa. Tun 2012 ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai lamba 846, wadda ta kafa hukuma ta musamman kuma ta ce a mayar da kulawa kusa da jama'a maimakon tara marasa lafiya a manyan asibitoci. A 2017 hukumar, ƙarƙashin Dakta Akwasi Osei, ta bayyana haramcin ɗaure marasa lafiya da sarƙa a wuraren addu'a da na masu maganin gargajiya. A Maris 2023 majalisar dokoki ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, ta yadda iyali ba za su ji tsoron 'yan sanda ba idan sun kai 'yarsu asibiti. Nijeriya kuwa sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.

To amma doka daban, ƙasa daban. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin Ghana guda uku, wato na Akra da Pantang da Ankaful, duk suna kudu a bakin teku. A 2011 likitocin wannan fanni 18 ne kacal ga mutane fiye da miliyan 24, kuma ko da yake sun ƙaru tun daga lokacin, mafi yawansu na manyan birane. Moshi Zango ta yi sa'a a nan, domin akwai sashen masu wannan lalura a asibitin Tafo da ke kusa, akwai kuma na Komfo Anokye. Sai dai kusancin ƙafa bai isa ba. Kamar yadda mutumin Kano ba ya son a gan shi a layin Dawanau, ko na Sakkwato a Kware, haka mai jego ba za ta bi ƙofar da kowa ya san ta masu taɓin hankali ce ba. Ga kuma batun harshe. Ciniki ana iya yin sa da guntun Tuwi ko Turanci, amma abin da ke cin rai ba ya fitowa sai da harshen da mutum ke mafarki da shi, kuma ba a faɗinsa ta bakin tafinta, balle tafintan ya zama ƙanen miji.

Shi ya sa muke ganin wurin da ya dace a kama wannan ciwo shi ne wurin awo. Tun Yulin 2008 Ghana ta mayar da awon ciki da haihuwa kyauta a ƙarƙashin inshora, kuma mata na zuwa. Bayan haihuwa ma suna kai jarirai awo da rigakafi wata-wata. A wajen ana auna yaro, a rubuta nauyinsa a kati, amma da wuya a ɗaga kai a dubi wadda ta goyo shi. Tambayoyi biyu ko uku sun isa a fara: Kina barci? Kina jin daɗin abin da kika saba jin daɗinsa? Wa ke taya ki? A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan shigar da irin wannan bincike cikin aikin awo na yau da kullum. Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma sai an sami mai tambaya.

Ba lallai sai likita ne zai yi zaman sauraron ba, kuma an gwada an gani. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, Farfesa Atif Rahman da abokan aikinsa sun horar da ma'aikatan lafiya mata na ƙauye su riƙa zama da masu ciki suna taya su warware tunani. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna ciwon ya ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa haka ba, kuma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa. A birnin Harare na Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, aka ajiye musu benci a harabar asibiti, duk mai nauyin zuciya ya zo ya zauna. A jihar Oyo ta Nijeriya ma Farfesa Oye Gureje ya gwada aikin da ungozomomi da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Zango ba ta rasa irin waɗannan mata. Akwai magajiyoyi, akwai malamai mata na Islamiyya, akwai ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAG, akwai uwayen adashi da suka san sirrin aljihun kowace mace a layi. Abin da suka rasa shi ne horo na 'yan makonni, da sanin iyakarsu, da lambar nas ɗin da za su kira idan abu ya fi ƙarfinsu. Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017 ya fi karkata ga gine-gine da tallafin karatu. Horar da mata ashirin a unguwa bai kai kuɗin kwalbati ɗaya ba.

Game da malamai, ba mu ga amfanin a yi ta jayayya da su ba. Mutanenmu wajen malam za su fara zuwa, ko hukuma ta so ko ta ƙi, kuma addu'a tana sanyaya zuciyar mai imani. Abin nema shi ne malamin da zai yi addu'ar, sannan ya ce wa miji, "Alhaji, gobe ka kai ta asibiti, ka dawo ka faɗa mini abin da suka ce." Abin ƙi kuwa shi ne duka da sarƙa da hana abinci da raba uwa da jaririnta da sunan fitar da aljani.

Ita ma inshorar tana da nata tabon. Shekara da shekaru asibitocin Ghana na kukan jinkirin biyan kuɗinsu, abin da ke sa a rubuta wa mai kati magani a ce ya je waje ya saya. A 2025 gwamnatin Shugaba Mahama ta cire ƙaidin da aka sa wa kuɗin harajin inshorar, don ya riƙa isa asusun gaba ɗaya. Ma'aunin da za mu duba shi ne ko macen da aka ɗora kan magani na wata shida za ta same shi a wata na huɗu, domin wannan magani ba a yanke shi rana tsaka, kuma yakan ɗauki makonni kafin a fara jin aikinsa. Akwai irinsa da likita kan ba mai shayarwa, saboda haka ba dole ne a yaye yaro ba.

Saura mu masu tafiya. Ɗan kasuwar da zai bar mai jego ya nufi Paga ko Aflao ko Galmi yakan bar kuɗin cefane ya ga ya sauke nauyi. Kafin ya hau mota, ya duba katin inshorarta bai mutu ba, ana sabunta shi ta waya da lambar *929#. Ya nemo wadda za ta kwana da ita, ko da biya ne, ya rage daga kuɗin anko ya cike wannan. Idan ya kira waya daga kan iyaka, bayan ya tambayi yaro, ya tambaye ta ko ta yi barci jiya. Idan mako biyu suka wuce amsar ba ta sauya ba, ya sa yayarsa ko maƙwabciyar da ta yarda da ita ta raka ta awo, su faɗa wa ungozoma abin da ake ciki, kada a tsaya a kan ciwon kai.