Kafin Ka Biya Kuɗin Mashin Na Hannu, Yi Masa Gwaji Da Kanka

Yau za mu ɗan ajiye saitin waya mu taɓa maganar mashin, amma riƙe wayarka, za ta yi mana aiki.

Idan kana Rano ko Kibiya ka san matsayin mashin a gida. Shi ke fito da buhun masara daga Rurum zuwa kasuwa, shi ke ɗauko mai naƙuda daga Tarai zuwa asibiti da tsakar dare. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 sabon Boxer ya fi ƙarfin talaka, da yawanmu muka koma na hannu.

Ni a ganina tsufan mashin ba abin tsoro ba ne. Boxer ko Jincheng mai shekara goma da ake juye wa baƙin mai a kan kari, ya fi ɗan shekara uku da dillali ya fesa wa fenti ya rufe aibinsa. Matsalarmu ita ce ba mai dubawa.

A doka, jami'an VIO ne ke duba lafiyar abin hawa su ba da takardar shaida. A Ingila, da mashin ya cika shekara uku, duk shekara sai an gwada birkinsa, fitilarsa da tayarsa, kuma babban mashin da zanen tayarsa bai kai milimita 1 ba ya faɗi gwajin. To a unguwarku, mashin nawa ka taɓa gani an gwada birkinsa kafin a miƙa masa takarda? Takarda dai ba ta taka birki. Don haka gwajin ya dawo kanka:

1. Taɓa injin kafin a tayar. In ka ji shi da ɗumi, wataƙila an riga an ɗumama shi ne don kar ka ga wahalar tashinsa. Ka ce za ka dawo da sassafe.

2. Ɗauki bidiyon salansa lokacin da aka tayar. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce yana shan baƙin mai, ringi ya ci. Tura wa bakaniken da ka yarda da shi ta WhatsApp ya ji ƙarar.

3. Haska tocilar waya a gefen taya. Za ka ga lambobi huɗu a jere, misali 2319, wato an ƙera ta a mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya tana tsattsagewa ko da zanenta yana nan.

4. Duba sarƙa da haƙoran sufuroket. In sun yi tsini kamar ƙaya, lissafa kuɗin canji cikin cinikin.

5. Ɗaga tayar gaba ka girgiza ta. In tana rawa, akwai gyara. Sannan ka hau, ka gwada birkin gaba daban, na baya daban.

6. Ɗauki hoton lambar inji da ta shasi, ka haɗa da abin da ke jikin rasit. In an kankare, ko lamba ɗaya ta saɓa, tashi ka bar shi komai arharsa. Hukumar FRSC ma tana da shafin tantance lambar abin hawa a intanet.

Kirana ga hukuma shi ne a riƙa kawo gwajin nan Rano da Kibiya ranar kasuwa, tare da ƙungiyar 'yan acaɓa da kanikawa. Na san za ka ce wata hanyar karɓar kuɗi ce kawai, kuma tsoronka yana kan hanya. Shi ya sa nake cewa a bayyana farashin a fili, kuma wanda mashin ɗinsa ya faɗi a ba shi lokacin gyara maimakon a ƙwace.

Kafin wannan ranar ta zo, minti ashirin ɗin da za ka ɓata wajen dubawa ya fi wata uku a wajen mai ɗori. Tura wa duk wanda ka san yana cinikin mashin. Allah Ya tsare mana hanya.