Takobin Hukuma Yana Da Kube

Ya ku malamai ma'abota allo da tawada, da ku fatake masu bin hanyar Haɗejiya zuwa Nguru da Kano, ga wata magana wadda ta kamata mu zauna mu auna ta da mizanin ilmi.

Ran Juma'a 28 ga Nuwamba 2014, a farkon Safar na Hijira 1436, jama'a suka cika babban masallacin Kano na kusa da gidan Sarki. Ana tayar da salla ke nan sai bamabamai suka tashi, sa'an nan 'yan bindiga suka buɗe wa masu gudun tsira wuta. Fiye da mutum 100 suka riga mu gidan gaskiya da alwalarsu. 'Yan kwanaki kafin wannan, Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu daga Boko Haram. Bayan kwana uku kuma aka auka wa Damaturu. Mu nan Birniwa, da muke maƙwabtaka da Yobe, wuta ta sa mu tsakiya gabas da yamma, kowane gida yana jiran labarin nasa da ya tafi fatauci ko neman karatu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, amin.

Tun daga ran nan mutanenmu suka rabu kashi biyu a zaure da rumfar kasuwa. Kashi na fari suka ce wanda ya kashe masallata ba shi da magani sai wuta, a sakar wa soja mara kurum. Kashi na biyu suka ce bindiga ce ta hura fitinar tun fari, don haka a ajiye ta a nemi sulhu. To, kowannensu ya riƙe gefen gaskiya, ya saki ɗaya gefen.

Na fari suna da hujja. A watan Agusta 2014 mutanen nan sun kafa tuta a Gwoza, suna cin gari bayan gari. Wa'azi bai fitar da su ba, sai da sojan Nijeriya suka karɓe Bama da Gwoza a watan Maris 2015, sojan Cadi da Nijar kuma suka karɓe Damasak. Duk wanda ya karanta Risala ya san hukuncin mai tare hanya da makami yana hannun shugaba, kuma wajibi ne a kansa ya tsare jinin talakawansa. Sojan da ya bar iyalinsa ya kwana a dajin Sambisa don mu kwana a ɗaki, yana da hakkin addu'a a kanmu.

Amma na biyu ma ba su yi ƙarya ba. A watan Disamba 1980 soja suka murƙushe Maitatsine a 'Yan Awaki, mutum fiye da 4,000 suka halaka, aka ce an gama. Sai ga ta a Bulumkutu a 1982, ga ta a Jimeta a 1984, ga ta a Gombe a 1985. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Haka kuma a watan Yuli 2009 aka kama Muhammadu Yusufu da ransa a Maiduguri, ya mutu a hannun 'yan sanda ba a kai shi gaban alƙali ba. Da an yi masa shari'a a sarari, malamai sun warware shubuhohinsa jama'a na ji, da mabiyansa ba su sami abin da za su riƙa kira zalunci suna jan yara da shi ba.

Sa'an nan ga abin da ya fi ciwo. Ran 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, aƙalla mutum 90 suka mutu. Daren 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na soja ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri, ƙasar Igabi, aƙalla mutum 85 suka rasu, galibinsu mata da yara. Shugaban sojan ƙasa na lokacin, Janar Lagbaja, ya je ya yi ta'aziyya ya ba da haƙuri, wannan kuwa abin yabo ne. Mun yarda kuskure ne, mai ganganci da mai kuskure ba su zama ɗaya a shari'a. Amma kisan kuskure yana da diyya, raƙuma 100 ko dinari 1,000 a kan kowane namiji ɗa Musulmi, haƙuri kaɗai ba ya sauke ta. Halifa Abubakar, Allah Ya yarda da shi, da zai aika runduna sai ya hana su taɓa mace da yaro da tsoho, har itace mai 'ya'ya ya hana a sare. In an kiyaye itace, ina ga ɗan Adam?

Ku fatake kun san wata hasarar da ba a ƙidaya ta da gawa. Da aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayu 2013, aka katse waya, shingaye suka yawaita, daga baya cinikin kifin Baga ya tsaya. Saurayin da aka rufe wa kasuwa, ba jari ba gona, shi ne wanda ɓata-gari ke fara nema. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka ga abin da muke roƙon Hukuma. A yaƙi wanda ya ɗauki makami, ba sassauci. Wanda aka kama a kai shi gaban alƙali da sauri, mai laifi a hukunta shi, marar laifi a sake shi. Kada a saki bam sai an tabbatar da waɗanda ke ƙasa, a tambayi dagaci da mai unguwa, domin su suka san taron biki da taron ɓarna. In an yi kuskure a faɗa, a bayyana sakamakon bincike, a biya diyya. Talakan da ya amince da soja shi zai kai musu labari, labarin nan kuwa ya fi harsashi dubu.

Mu ma malamai da namu nauyin. Kowane mai tsangaya ya san almajiransa da iyayensu da garinsu, ya san baƙon da ya sauka a zaurensa. Mu karantar da yara alfarmar jini tun suna kan allon farko, kada wani jahili ya riga mu zuwa kunnensu. Sun kashe masallata, sun kashe malamai irin su Shaihu Albani na Zariya a 2014, to ba mu da dalilin yin shiru. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin. Haza wasalam.