A DUBI HAƘORI KAFIN ƘAHO

Kowace shekara, da zarar kaka ta kankama, aka fara jibge buhunan masara da na waken suya a kasuwannin Dandume da Bakori da Kafur, sai mu ga malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi sun fara zarya a rumfunan masu sayar da waya na Funtuwa da Malumfashi. Dalili kuwa a fili yake. Galibinmu a wannan yanki muna haɗa aikin albashi da noma, kuma sau ɗaya ne a shekara kuɗi mai ɗan kauri yake taruwa a hannun mutum. A zamanin iyayenmu, akawun En'e yakan yi tanadi na watanni domin ya mallaki keke Rali, kuma ba ya miƙa kuɗinsa sai ya nemi shawarar wanda ya san keke. Yau wayar komai-da-ruwanka ita ta gaji matsayin keken nan, amma shawarar da ake nema a dā ta yi ƙaranci. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu faɗi ra'ayinmu tun kuɗin bai fita daga aljihu ba.

Kada wani ya ce sayen waya alatu ne. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, aikin ofis da na makaranta sai ƙara jingina suke yi da ita. Ta waya ake sanin albashi ya shiga, ta WhatsApp takardar umurni take isa ga hedimasta kafin ta takarda ta iso, kuma wanda ya ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya san yadda mai waya ya sayi hatsi, marar ita ya kwana a layin banki. JAMB ta koma yin jarrabawarta duka da kwamfuta tun 2015, jarrabawar rajistar malamai ta TRCN ita ma haka ake yin ta, ga shi kuwa malamin ƙauye ba shi da wata kwamfutar da zai gwada hannunsa sai wadda ke aljihunsa. Sai dai kayan nan duka daga waje ake shigo da su, da dala ake sayo su. Dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yuni 2023 ta kai wajen naira 1,500 a 2024, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yuli 2024 naira 70,000 ne. Watau wayar da ta amsa sunanta ta fi albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci. Kuskure a irin wannan ciniki ba ya gyaruwa sai wata kakar.

Manomin da ya je sayen san huɗa ba ya tsayawa kallon kyan ƙaho. Yakan buɗe baki ya dubi haƙori, ya sa a ja san ya ga tafiyarsa, sa'an nan ya yi maganar kuɗi. To, ƙahon waya shi ne ƙyallin bayanta da yawan idanun kyamara, waɗanda a kan wayoyi masu araha sau da yawa ɗaya ne kawai yake yin aikin kirki. Abubuwan da suka cancanci a auna uku ne: fuskar waya, da manhajar da ke tafiyar da ita, da farashi. Masu talla sun fi ɗaga na farko, masu saye sun fi damuwa da na uku, na tsakiya kuwa ba mai tambayarsa, ga shi shi ne haƙorin.

Bari mu fara da fuska, tun da ita ido yake fara gani. Hoton da ke fuskar waya ɗige-ɗige ne ƙanana ƙwarai. Yawancin wayoyi masu araha suna da ɗigo 720 a faɗi da 1,600 a tsawo, jimla miliyan ɗaya da ɗan kai. Waɗanda suka fi su daraja suna da 1,080 a faɗi da 2,400 a tsawo, wajen miliyan biyu da rabi ke nan, fiye da ninki biyu a fili iri ɗaya. Ga mai kallon wasan kwaikwayo bambancin ba shi da yawa. Amma malamin da zai karanta manhajar karatu mai shafi ɗari, ko akawun da zai bi jerin sunaye da lambobi na takardar albashi, shi zai ji bambancin a idonsa bayan sallar isha'i. A ƙaramin rubutu, ƙugiyar da ta raba ɓ da b, ko ƙ da k, 'yar aba ce, kuma mai koyar da Hausa ya san ita ce tsakanin ƙafa da kafa. Saboda haka, kafin a biya, a buɗe rubutu mai ƙananan baƙaƙe a karanta layi biyar, kada a yarda da hoton furanni da mai shago zai nuna.

Abin da ya fi yawan ɗigo muhimmanci a ƙasarmu shi ne ƙarfin haske. A cikin rumfa mai inuwa kowace waya kyakkyawa ce. Amma mu ba a inuwa muke wuni ba; muna filin taron ɗalibai, muna bakin gona, muna tasha. Wayar da haskenta bai da ƙarfi, in rana ta take, sai ta zama madubi, mutum ya dinga kāre ta da hula yana neman gindin bishiya. Gwajin kuwa ba ya cin ko kwabo: a roƙi mai shago a fita da ita ƙofa da tsakar rana. Wanda ya ƙi yarda da wannan ya riga ya ba da amsa.

Akwai kuma lambar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a kwali, 90Hz ko 120Hz. Ma'anarta sau nawa hoto yake sabuntuwa a daƙiƙa guda. Tana sa shafa waya ya yi santsi, tana kuma ƙara cin batir. Ba mu ga abin da za ta ƙara wa mai karatu ba, kuma ba za mu ba da ko naira dubu saboda ita ba.

Inda shawara take da wuya shi ne tsakanin fuska irin ta LCD da irin ta AMOLED. Ta biyun ta fi kyan launi, baƙinta baƙi ne wuluk, domin kowane ɗigo da kansa yake ba da haske. A dā sai a manyan wayoyi ake samunta, amma ta sauko. Galaxy A15 ta Samsung, wadda ta fito a ƙarshen 2023, da ita ta zo. Sai dai waya faɗuwa take yi, musamman a aljihun mai hawa babur a hanyar ƙauye, kuma ran da fuskar AMOLED ta fashe, kuɗin canza ta yakan ci babban kaso na kuɗin wayar, wani lokaci ma sai an aika Kano, kasuwar Farm Centre, kafin a samo ta gaske. Fuskar LCD ta Tecno ko itel ko Infinix, waɗanda duk kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin mai suna Transsion yake ƙera su, kusan kowane mai gyara a garuruwanmu yana da ita ko ya san inda zai samo ta da wuri. Ra'ayinmu shi ne, wanda kuɗinsa ƙididdigagge ne ya ɗauki LCD mai haske, ya tambayi kuɗin canza fuska tun kafin ya saya, rarar kuma ya kai ta inda za mu faɗa yanzu.

Kusan duk wayoyin nan da babbar manhajar Android ta kamfanin Google suke aiki. Amma Android iri biyu ce a kasuwa: cikakkiya, da wata 'yar ƙarama da ake kira Go, wadda aka fito da ita a 2017 domin wayoyi masu ƙaramar ƙwaƙwalwa. Ba laifi ba ne a sayi mai Go, in dai an san ita aka saya. Laifin yana wajen lambar ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira RAM. Wani hedimasta daga wani ƙauye a gefen Malumfashi ya kawo mana sabuwar wayarsa yana kukan nauyi, ga shi kwalinta ya ce 8GB. Da muka duba sai muka ga an rubuta 4+4 da ƙananan baƙaƙe. Huɗu ne na gaske. Sauran huɗun aro ne daga ma'ajin waya, wanda saurinsa bai kai na ƙwaƙwalwa ba ko kusa. Kamar mutum ne ya ce yana da buhu takwas, alhali huɗu na maƙwabci ne da aka ajiye a rumbunsa. Lambar farko ita ce abin tambaya, kuma a ganinmu ƙasa da 4GB na gaske ba zai ɗauki aikin malami ko akawu shekara uku ba.

Sa'an nan ga maganar sabuntawa, wadda ita ce shekarun waya. Manhaja tana tsufa ko da jikin waya bai yi ko ƙwarzane ba. A Oktoba 2023 WhatsApp ta daina aiki a kan wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba, kuma manhajojin banki su ma lokaci lokaci sukan ɗaga nasu sharaɗin. Ban da wannan, akwai gyare-gyaren tsaro da kamfani yake aikowa domin toshe kafofin da ɓarayi suke bi. Wayar da aka daina aiko mata da su, ga albashin mutum yana bi ta cikinta, ƙofa ce da sakatarta ta lalace. Kamfanoni sun bambanta ƙwarai a nan. Samsung ta yi alkawarin sabuntawa na shekara shida ga Galaxy A16 da ta fito a 2024, alhali wayoyi masu araha da yawa suna ƙarewa a kan Android ɗin da aka sayar da su da shi. Ba talla muke yi wa kowa ba, mun ma faɗi inda abokan gasarta suka fi ta. Abin da muke so shi ne mai saye ya tambaya: wace shekara wayar nan ta fito, kuma shekara nawa za a yi ana sabunta ta? Waya ta shekara uku da ta wuce, ko tana cikin ledarta, tsohuwa ce.

Haka nan kuma a dubi tarkacen manhajojin da aka cusa mata tun daga masana'anta. Wansu kamfanoni suna rage farashi ne domin su mai da kuɗinsu ta hanyar talla, sai mutum ya buɗe waya ya ga tallan caca ko na bashi ya tare masa fuska, wani lokaci a gaban ɗalibai. Tallan nan da datar mai waya yake sauka, ga shi a Janairu 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Manhajojin bashi kuwa, waɗanda suke kwashe lambobin mutum su aika wa surukansa saƙon cin mutunci, ta'asarsu ta kai har hukumar kare haƙƙin masu saye ta Tarayya ta far musu a 2022. A gwada a gani ko ana iya goge irin waɗannan tun a shago.

Game da ma'aji, mu mutanen kudancin Katsina muna da darasin da wansu ba su da shi. A Satumba 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi goma sha uku na jihar, har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori, aka yi watanni a haka. A kwanakin nan, wanda ya sauke littattafansa ya ajiye a cikin waya ya ci gaba da shirya darasi, wanda ya dogara ga intanet kuwa wayarsa ta zama tocila. Ko ba a katse layi ba, ƙauyukanmu da yawa sabis ɗinsu sai an hau tudu. Don haka 128GB ya fi 64GB nesa, domin babbar manhaja da kanta tana cin kaso mai yawa, in kuwa ba hali, a tabbata akwai gurbin katin ajiya.

Saura farashi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma mu lissafi za mu yi, tun da shi muke koyarwa. A ƙaddara waya ta naira 90,000 ta yi wata 18 ta gaji. Kowane wata ta ci naira 5,000. Wata kuma ta naira 150,000 ta yi shekara huɗu. Kowane wata ta ci naira 3,125. Mai tsadar ita ce mai arahar. Wannan misali ne kawai, kowa ya sa lambobin da ya tarar a kasuwa. Masu sayen waya bashi, irin wadda ake kulle ta daga nesa in an makara biya, su haɗa dukan abin da za su biya tun daga kafin alƙalami har ƙarshe, su tuna kuma albashi ba kullum yake zuwa ran da aka sa ran sa ba. Mai sayen ta hannu ya danna *#06# ya gwada lambar da ta fito da ta kwali, ya kuma karɓi rasit, domin wayar sata tana iya kai mutumin kirki ofishin 'yan sanda.

Mun san wani zai ce, duk wannan maganar masu hali ce, talaka abin da kuɗinsa ya kai shi zai saya. Gaskiya ne, ba kuwa za mu ce mutum ya taɓa abincin iyalinsa saboda waya ba. Amma wanda kuɗinsa bai kai na mai ƙwaƙwalwa huɗu ba yana da hanya biyu, duka sun fi gaggawa: ko ya ɗauki mai Go da saninsa, ya taƙaita ta ga saƙo da banki, ko ya riƙe ƙaramar wayarsa mai madannai, wadda batirinta yake kwana da kwanaki, har ya cika kuɗin.

Muna kuma kira ga ƙungiyoyin adashi da na taimakon juna na malamai da na ma'aikatan ƙananan hukumomi. Yadda suke haɗa kuɗi su sayo taki da shinkafar azumi a sari, haka za su iya zaɓen waya iri ɗaya ko biyu da aka gwada, su yi ciniki da dila guda, da sharaɗin garanti a rubuce. Kwalejojin horon malamai na jihar nan, irin su ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da ta Tarayya da ke Katsina, su ma ba za su rasa sa'a biyu a zango ba da za su nuna wa ɗalibai yadda ake karanta kwalin waya, da yadda ake sa madannan Hausa masu ƙugiya, kafin a tura su ƙauye gwajin koyarwa.