YANKARI TAMU CE, MU JE MU GANI

Kowace shekara, da an kammala kaka sanyi ya shigo, sai ka ga baƙi daga Turai da Amurka suna tahowa da madubin hangen nesa da abin ɗaukar hoto, sun nufi Yankari a ƙasar Bauci. Suna kashe kuɗi masu yawa don su ga abin da ke bayan gidanmu. Mu kuwa, da yawa daga cikinmu sun girma har sun yi furfura ba su taɓa ganin giwa ba sai a littafin makaranta. Wannan al'amari ya isa a tsaya a duba shi.

A shekarar 1956 Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe wannan daji don kiyaye namun dawa, aka buɗe shi ga jama'a ran 1 ga Disamba, 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauci. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kogin Gaji kuma ya ratsa ta cikinsa. Da rani, in ruwa ya ƙafe ko'ina, dabbobi sukan taru a bakin kogin nan, saboda haka daga watan Janairu zuwa Afrilu ne lokacin da ya fi dacewa da zuwa. Wanda ya fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, ya kame bakinsa, ya bi umurnin ɗan rakiya, zai iya ganin ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da gadu, da dorina da kada a ruwa, in kuma ya taki sa'a har da garken giwaye.

Ban da wannan, akwai tsuntsaye iri fiye da 350. Wasu mun san su tun muna yara, kamar burtu da cilakowa da zalɓe da zabon daji. Wasu kuwa baƙi ne, sukan ƙetaro teku da Hamada daga Turai don gudun sanyin can, su koma in lokacinsu ya yi. Manominmu da ke duban zuwan shamuwa don ya san damina ta kusa, ai shi ma mai nazarin tsuntsaye ne, sai dai ba ya rubutawa. Abin da ya rage mana shi ne mu koya wa yara su duba da kyau, su tambayi suna, su rubuta.

Wani zai ce, mutumin da ke fama da abin sawa a bakin salati, ina ruwansa da kallon dabba? Wani kuma daga ƙauyukan da ke kewaye da dajin zai ce, ku kuna zuwa kallon giwa, ni kuwa a dare ɗaya take cinye mini noman shekara. Wannan kuka gaskiya ne, ba kuwa za mu raina shi ba. Dajin da maƙwabtansa ba su ga amfaninsa ba, ba zai daɗe ba, domin mai jin haushin giwa ba zai tona asirin mai harbinta ba. Don haka muna ganin wajibi ne hukuma ta riƙa ɗaukar 'ya'yan ƙauyukan nan aikin gadi da rakiya, ta duba ɓarnar gonaki da adalci, ta kuma sa wani kaso na kuɗin shiga a makarantunsu da rijiyoyinsu. Amma kuɗin shiga daga ina zai fito in ba a zuwa? Baƙi na waje sukan ɗauke ƙafa da zarar sun ji labarin tashin hankali. 'Yan ƙasa su ne za su riƙe wurin.

Kada kuma mu zaci abin da ke nan yau zai tabbata har abada. A da akwai raƙumin dawa a Yankari, yanzu babu. Zakuna sun ragu ƙwarai. Giwayen da suka saura suna cikin garke mafi girma da ya rage a Nijeriya, ga mafarauta na haƙon haurensu, ga shanu ana kora su cikin dajin kiwo. Amma mu dubi maƙwabtanmu na Nijar. A 1996 raƙuman dawan da suka rage a wajajen Kure, kusa da Yamai, ba su kai 50 ba. Da aka hana kashe su, aka kuma sa mutanen ƙauyuka cikin aikin, sai suka hayayyafa har suka haura 600. Ashe abin da aka kula da shi yana farfaɗowa.

To, malaman makaranta da akawunan ofis, magana ta zo gare ku. Daga Bauci zuwa masaukin Wikki bai fi tafiyar kilomita 110 ba. Ku yi karo-karo, ku nemi mota, ku kai yara ko sau ɗaya ne a shekara. Su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, su ga rijiyoyin Dukke da kufan matoyar tama na mutanen da, su dawo da sunayen tsuntsaye a littafinsu. Gani ya kori ji. Yaron da ya tsaya ya ga giwa tana shayar da ɗanta, da wuya ya girma ya yarda a hallaka ta don haure biyu.

Allah ya ba mu ikon riƙon amanar da aka bar mana.