Ruwan Kwata da Lambun Rani

Jama'a, rani ya kama, masu lambu a Shema da Dutsin-Ma da Kurfi sun shiga neman ruwa. Wanda gonarsa ke kusa da madatsar Zobe, wadda aka gama a 1983, sai ya gode Allah. Saura kuwa sai rijiya, ita ma kafin bazara ta ja baya. Ga shi kuma Dutsin-Ma sai cika ta ke yi tun da aka kafa jami'a a 2011, kullum ruwan wanka da wanki na ta kwarara a kwata a banza.

Ba mu ce a ɗebi ruwan nan yadda ya ke a zuba wa latas ba. A Kano an daɗe ana ban ruwa da ruwan Jakara mai kwashe ƙazantar birni, alhali kuwa cikin irin ruwan nan ƙwayoyin taifot da kwalara da ƙwan tsutsar ciki su ke tafiya. Mai lambu ya samu kuɗi, mai ci ya kwanta asibiti, ina riba?

Akwai dabarar gyara shi. Wata iska ce ana kiranta ozon, da wutar lantarki a ke yinta daga iskar nan da mu ke shaƙa. Sai a hura ta cikin ruwan tukuna, sa'an nan a tace. Tana kashe ƙwayoyin cuta, ta kau da wari, ta kuma karya yauƙin da ke toshe matata. Duk macen da ta taɓa tace ƙullun koko ta san in tsumma ya toshe aiki ya tsaya. A Winduk, babban birnin Namibiya, ƙasar da ta fi mu fari, tun 1968 su ke mai da ruwan kwata ruwan sha, sabon gidan ruwan da suka buɗe a 2002 kuwa da ozon da gawayi da matata ya ke aiki.

Amma fa kada a ruɗe mu. Ozon ba ta ajiyuwa, a wurin a ke yinta, in wuta ta ɗauke aiki ya tsaya. Ba ta kuma cire gishiri ko dafin ruwan majema. Don haka lalle a ware ruwan gidaje dabam, a fara da abin da mu ke iyawa, watau tafkin da datti zai kwanta, da matatar yashi.

Roƙonmu ga Ƙaramar Hukuma da malaman jami'a shi ne su gwada ƙaramin injin ozon mai aiki da hasken rana a bayan tafkin, su auna ruwan, su gaya wa manoma gaskiyar kuɗinsa. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Allah ya ba mu lafiya da albarkar noma, amin.