Kafin Ya Hau Jirgi, Ya Iya Tuƙa Tuwo?

Duk wanda ke zaune a Gyadi-Gyadi ko Tarauni ya san irin hirar da ake yi yanzu in an tashi daga sujada ko an haɗu wurin biki. Da wuya a watse ba a ambaci ɗan wane da ke Ingila ba, ko 'yar wance da ke Kanada, ko yaron da ya tafi karatu Indiya. Wannan ba abin mamaki ba ne, gama unguwannin nan cike suke da ma'aikatan jinya da likitoci da malaman makaranta, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a bakin Titin Zariya, kuma irin waɗannan ma'aikata su ne ƙasashen waje suka fi ɗiba. Iyaye kan yi maganar sanyi, su yi maganar tsadar haya, amma kukan da ya fi yawa na abinci ne. Wannan ta ce ɗanta ya rame, waccan ta ce nata ya ce abincinsu ba gishiri ba yaji, wata kuma ta ce tun da ya tafi burodi da shayi ne abincinsa safe da dare.

Kwanakin baya ɗan wata maƙwabciyata ya sami aikin jinya a Ingila. Mako biyu uwar ta yi tana shiri. Ta shiga Kasuwar Tarauni ta auno kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, ta sa aka daka yaji, ta aika cikin gari aka sayo kilishi, ta soya man shanu, ta kwana tana dambun nama. Na tarar da ita tana danna kayan cikin jakar nan da ake kira Ghana-must-go, sai na ce mata, "'Yar'uwa, duk wannan kayan miya, wa zai dafa masa?" Ta dube ni ta ce, "Haba Malam, namiji ne fa. Ai ba zai rasa wadda za ta taimaka masa a can ba."

Kilishin da dambun da man shanun ba su wuce filin jirgin sama ba, can aka karɓe su. Kuka da kuɓewa sun isa lafiya, suka yi watanni a ajiye, domin mai su bai taɓa kaɗa miya ba tun da aka haife shi. Yana da shekara talatin, ya iya yi wa majinyaci allura cikin duhu, amma tukunya ta gagare shi.

Ra'ayina ke nan, 'yan'uwa, zan kuma faɗe shi kai tsaye. Yawancin kukan da yaranmu ke yi a kan abincin ƙasashen waje mu ne muka jawo shi tun daga gida. Mun biya kuɗin makaranta, mun biya na fasfo da biza, wasunmu har fili suka sayar, amma ba mu ba yaro mako huɗu a madafi ba. Muna cika masa jaka da guzuri, alhali kuwa guzuri ƙarewa yake yi. Jakar da jirgi ke ɗauka galibi kilo 23 ce. Ko da kuka zalla aka cika ta, ranar ƙarewarta tana nan tafe.

Bari mu fara da doka, tun da ita ce ke cinye kuɗin iyaye a banza. Ingila ba ta yarda matafiyi daga Nijeriya ya shiga da nama ko madara ko abin da aka yi da su ba, kome busuwarsa. Kilishi nama ne, dambu nama ne, man shanu kuwa daga nono yake. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20. Amurka ma ta hana nama, tana kuma bukatar matafiyi ya bayyana duk abincin da ke jakarsa, wanda ya ɓoye ana iya cin tararsa. Dalilinsu shi ne tsoron cututtukan dabbobi. Kada mu yi saurin cewa raini ne, gama mu ma muna da namu laifin: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda maganin ƙwari da aka samu ya wuce kima a cikinsa, waken da mu muke ci a nan kullum. Uwar da ta kwana tana dambu ba ta san duk wannan ba, ba wanda ya gaya mata.

Sa'an nan batun "wadda za ta taimaka masa". A da, mai tafiya Ingila yakan tafi da matarsa, ita ce ke riƙe tukunya. Tun daga watan Janairu na 2024 yawancin masu zuwa karatun digiri na biyu ba su da izinin tafiya da iyali, daga watan Maris na shekarar kuma aka hana masu aikin kula da tsofaffi da marasa ƙarfi. Wato mutum yakan tafi shi kaɗai, ya zauna a ɗaki ɗaya, ya dawo daga aikin dare a gajiye. Ba ƙanwa, ba 'yar aiki, ba mai tuwo-tuwo a bakin layi. In zai ci a gidan abinci na 'yan Nijeriya, irin waɗanda suka cika Peckham a Landan, kuɗin faranti ɗaya zai yi masa cefanen kwanaki. In ba zai iya ba, sai ya koma ga soyayyen dankali da kaza da lemon kwalba, abin da ke cika ciki ya bar mutum da ƙiba da hawan jini. Ma'aikacin jinya ya fi kowa sanin haka, amma sani bai taɓa dafa wa kowa abinci ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, kayan abincin namu suna can, suna ne kawai ya bambanta. Ɗauki Indiya, inda gwamnatin Jihar Kano ta sake tura ɗalibai a 2023, wasu kuma Uganda. Ba ƙasar da ta kai Indiya noman gero a duniya, ita ce ma ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. A can gero sunansa bajra, dawa jowar, kuɓewa bhindi, tsamiya imli, zogale kuwa har 'ya'yansa suke sawa a miya. Yaron da ya iya talge da tuƙi zai shiga kasuwa ya sayi garin jowar ya yi tuwon dawa a daren da ya sauka. Wanda bai iya ba zai wuce buhun garin kullum yana buga waya gida yana cewa ba abinci a ƙasar. A Uganda abin da suke kira posho tuwon masara ne, ana cin sa da wake ko miyar gyaɗa, suna kuma da tuwon tamba. Mutumin Filato ko Kudancin Kaduna zai ce a ƙasar nan yunwa za ta kashe shi? A Ingila shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan suna kowane gari, da garin shinkafa da kuɓewa da barkono da citta. Ga alayyafon Turawa, ga kabewa, ga niƙaƙƙiyar gyaɗa a kwalba. Mai hannu ya gama haɗa miyar taushe ke nan. Har acca, wadda wasunmu ke jin kunyar ba baƙo, Tarayyar Turai ta amince a sayar da ita a kasuwanninta tun 2018, da sunan fonio, kuma da tsada ake sayenta.

Kakanninmu da suka yi zaman baƙunci ba haka suka yi ba. Fataken da suka bi hanyar goro zuwa Gwanja, suka kafa zango a Salaga da Kumasi, daga baya har Akara, sun tafi da hannunsu, maza da mata. Je ka Ghana yau ka ga abin da suka bari. Ɗaya daga cikin abincin safe da aka fi sani a titunan Akara shi ne waakye, wato shinkafa da wake, sunan ma daga "wake" ya fito, karan dafi ne ke ba shi jan launi. Akwai tuo zaafi, wanda ba sai an fassara wa mai jin Hausa ba. Akwai kokon da har yau suke kira Hausa koko, ana shan sa da ƙosai. A Sudan, inda Muhammadu Bello Mai Wurno da jama'arsa suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903, ana sayar da naman da ake kira agashe, ɗan'uwan tsire ne, da yajin ƙuli-ƙulinsa. A Kamaru suna ce masa soya. Baƙi ne suka shiga ƙasar mutane, suka ci abin da suka tarar, suka dafa nasu suka miƙa, har ya zama na masu gida. Da sun zauna jiran saƙo daga Kano, da ba a san da su ba.

Mu ma haka baƙi suka yi mana. Gurasar da Kano ke taƙama da ita an ce daga Larabawa ta zo. Kwarori sun zauna a garin nan tun farkon ƙarni na 20, har akwai titi mai sunan Beirut, kuma shawarmar da yaranmu ke layi a kanta a Titin Gidan Zoo daga ƙasashensu ta fito. Awara da ake soyawa a kowane lungu 'yar'uwar tofu ce ta mutanen Sin. Indomie daga Indonesiya take, Maggi daga Suwizalan. Tumatir da barkono da rogo da gyaɗa da masara duk asalinsu nahiyar Amurka ne. To, in aka cire waɗannan daga tukunyarmu, me ya rage na "abincinmu" da muke auna na kowa da shi?

Shi ya sa nake ganin yawan kushe abincin mutane rashin tunani ne, rashin ladabi kuma. Yaro ya ce cukun Turawa yana wari, ya manta yadda baƙo ke toshe hanci ranar da ya fara jin daddawa. Mutanen Japan suna da nasu waken da aka bari ya ruɓa, suna kiransa natto, suna cin sa da safe kamar yadda muke shan kunu. Bature in ya ci namu cewa yake mai ya yi yawa, barkono ya kashe ɗanɗanon komai, kuma in za mu faɗi gaskiya, a kan mai bai yi ƙarya ba. Harshe sabo ne kawai. Na tabbata da yawa daga cikinmu sun taɓa yamutsa fuska a kan miyar maƙwabcinsu Ibo ko Bayarabe a Sabon Gari, yau kuwa su ne ke neman egusi da amala. Wanda abokin aikinsa ya gayyace shi cin abinci a ƙasar waje, ya je ya zauna yana tsakura yana kwatanta komai da tuwon uwarsa, ba za a sake gayyatarsa ba. A ƙasar da mutum ba shi da dangi, gayyatar nan ba ƙaramin abu ba ce. Ta nan ake samun mai faɗa maka inda haya ke da sauƙi, da mai kai ka asibiti ranar da ka kwanta. Wanda kuma ya iya dafa dafa-duka ko ya soya masa, ya kai wurin aiki ko taron 'yan'uwa bayan sujada, ya sami hanyar shiga zukatan mutane da Turancinsa ba zai ba shi ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce girki aikin mata ne, yaro namiji in ya cika zama a madafi abokansa za su sa masa suna. Ni ma da wannan tunanin aka rene ni, kuma na biya kuɗinsa: na taɓa yin watanni a wani kwas nesa da gida, na dawo wandona yana zamewa. Amma mu dubi titi mana. Mai shayi namiji ne, mai tsire namiji ne, masu kilishi maza ne, masu gasa burodi maza ne. Kakannin wasunmu kuku ne a gidajen Turawa, da albashin nan suka sa iyayenmu a makaranta, ba wanda ya ce mutuncinsu ya zube. Ashe namiji zai iya dafa wa duk gari don kuɗi, sai dafa wa cikinsa ne abin kunya? Kada 'yan mata su yi dariya tukuna. A gidajen ma'aikata da yawa, inda 'yar aiki ke yin komai, akwai 'yan matan da suka gama jami'a ba su wuce dafa Indomie da ƙwai ba.

Gaskiya ne akwai abin da iya girki ba zai maye ba. Wanda ke kukan tuwo, sau da yawa tabarmar da ake zama a kai yake kewa, da hannuwa biyar a kwano ɗaya, da muryar uwa tana cewa a ƙara. Wannan ba a sayar da shi a shagon Indiyawa. Amma ko shi, mai tukunya ya fi kusa da samunsa, domin inda aka ji ƙamshin miyar kuka a Manchester ko Toronto, 'yan gida sukan taru.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Tsakanin samun takardar tafiya da hawa jirgi akwai makonni. A sa yaron a madafi. Ya koyi tuwo iri biyu daga talge har kwashewa, miya uku, shinkafa da wake, ƙosai, kunun gyaɗa. Ya koyi cefane, ya san yadda ake raba miya a ajiye a firiji ta kai mako. Zumuntar Mata a ikilisiyoyinmu sun saba dafa wa ɗaruruwan mutane a rana ɗaya, ba zai gagare su ɗaukar samari goma su koya musu a Asabar huɗu ba. A kuma gaya wa iyaye abin da ke wucewa a filin jirgi da abin da ba ya wucewa, kuɗin kilishin a sa shi a kuka da yaji da daddawa.

Maƙwabciyar tawa yanzu ta waya take koya wa ɗanta, tana kallon tukunyarsa ta bidiyo tana cewa ya rage wuta, ya kaɗa da sauri kada ta yi gudaji. Karo na farko an ce miyar ta fito kamar kunu. Jiya da yamma da na wuce ƙofar gidan na hangi ƙanensa, ɗan aji biyar na sakandare, riƙe da muciya yana gumi, uwar tana tsaye a kansa tana cewa, "Tuƙa dai, ɗan nan, bai yi ba tukuna."